Tsare wanda aka wanke saboda taɓin hankali a ƙananan laifuka

Idan kotu ta tabbatar mutum ya aikata abin da ake tuhumarsa da shi, amma ta gamsu cewa ba ya cikin hayyacinsa a lokacin, takan ɗauke masa laifi ta tura shi asibitin masu taɓin hankali maimakon gidan yari. Nauyin wannan hukunci ya fi bayyana a ƙananan laifuka, domin ɗauri yana da wa'adi, zaman asibiti kuwa ba a yanke masa ranar fita.

Shari'ar da aka fi kafa hujja da ita a Amurka ita ce ta Michael Jones, wanda aka kama a watan Satumba na 1975 a birnin Washinton yana ƙoƙarin satar jaket a wani kanti, laifin da iyakar hukuncinsa ɗaurin shekara ɗaya ne. A 1976 kotu ta wanke shi saboda taɓin hankali, ta tura shi asibitin St. Elizabeths. Da zamansa ya haura shekara, sai ya nemi a sallame shi, ko kuma a bi ƙa'idar da ake bi wajen tsare marar lafiyar da bai yi laifi ba, inda hukuma ce ke kawo ƙwaƙƙwarar hujja. Shi kuwa dokar birnin ta ɗora masa tabbatar da cewa ya warke ko ba shi da haɗari, abin da ke da wuyar gaske ga wanda ke kulle.

A 1983 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ƙi amincewa da buƙatarsa. Mai shari'a Lewis Powell ya ce tsarewar ba horo ba ce, magani ce da kare jama'a, don haka wa'adin laifin bai shafe ta ba. Mai shari'a William Brennan ya saɓa masa, yana ganin yunƙurin sata guda ɗaya bai isa a tsare mutum ba iyaka ba, kuma ra'ayinsa ya fi kusa da adalci. Wannan hukunci na Kotun Ƙoli ne ya sa lauyoyi kan guji kafa hujja da taɓin hankali a ƙaramin laifi.

An ɗan sassauta a 1992, a shari'ar wani mai suna Foucha da jihar Luwiziyana, inda kotun ta hana ci gaba da tsare wanda ciwon ya sake shi don kawai ana tsoron zai cutar da wani.