Don Allah a daina maimaita allura ɗaya

Jama'a abin nan fa ya fara isata. Mutum zai zo mana asibiti cinya ta kumbura ta yi jawur, ko zama ba ya iya yi, in ka matsa tambaya sai ka ji ai allurar bitamin yake yi wa kansa a gida, yawanci B12. Ba na cewa laifi ne, in dai likita ne ya rubuta maka kuma an koya maka yadda ake yi. Akwai bayin Allah da cikinsu ba ya iya tsotsar B12 daga abinci, wasu har ƙarshen rayuwarsu allurar za su yi ta yi, ba za a ce kullum sai sun biyo layin asibiti ba. Amma sai ka ce sirinji nawa ka saya, ya ce ɗaya. Ɗaya! Kwalin magani guda, sirinji ɗaya tal.

Wai "ai ni kaɗai nake amfani da ita". Ko kai kaɗai ne ɗan uwa. Allurar da ta huda fata sau ɗaya bakinta ya riga ya dakushe ko da ido bai gani ba, ta kuma kwaso ƙwayoyin cutar da ke kan fatarka, kai kuma ka mayar mata da murfi ka jefa a durowa, lokacin wata allurar ya zo ka ɗauko ka tura su can cikin tsoka da hannunka, to me zai hana ƙurji? Wanke ta da ruwan zafi ba ya mayar da ita sabuwa, goge ta da sifirit ma haka. Sai an tsaga wurin an matse mugunya sannan a fara da na sani. Masu yin karɓa-karɓa da allura ɗaya da miji ko ƙanwa kuwa nasu ya fi muni, ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana yin kwana 7 a busasshen jini da ranta, ga nau'in C, ga ƙanjamau.

Na san ba mugunta ba ce, wani tattali yake yi, wani kuma ba a taɓa faɗa masa ba. To yau an faɗa.

In za ka sayi kaya, ƙirga kwalaben maganin, ka sayi sirinji daidai yawansu har da ƙari:

- sirinji mai cin mil 2 ko 3, a ledarsa a rufe, in ledar ta yage ko ta jiƙe bar shi
- bakin allura biyu a kowane yi, mai kauri na zuƙo magani, sabo na huda jiki
- bakin allurar tsoka mai lambar kauri 22 zuwa 25, tsawon inci 1 zuwa 1 da rabi, gwargwadon jikinka. Na ƙarƙashin fata ya fi gajarta da siranta, likita ne zai ce wanne
- auduga, sifirit, da filasta
- robar zubar da allura mai kauri mai murfi, ba leda ba, ba kwandon shara ba

Duba ranar lalacewa a jikin kwalba da ledar sirinji duka. Maganin ba ya son haske, bar shi a kwalinsa. Kwalbar da ake karya wa wuya in an karya an karya, ba a ajiye ragowa.

A yi a gefen cinya ta waje, wajen tsakiya. Kar ka murɗa jiki kana lalube a mazaunai, akwai babbar jijiya a wurin, in ka taɓa ta, ƙafa na iya samun matsala. Ta farko kuma a yi ta gaban ma'aikacin lafiya, don akwai wanda jikinsa ba ya karɓa.

In wurin ya kumbura yana zafi, ko zazzaɓi ya biyo baya, kar ka tsaya gasawa da ruwan ɗumi kwana da kwanaki, taho a duba. Ka taho da kwalin maganin da sauran kayan da kake amfani da su mu gani.