Masuntan Dadin Kowa, ku leƙa ƙasan injinku

Da yawa daga cikin masu kwalekwalen inji a madatsar Dadin Kowa sun ɗauka tsatsa matsalar mutanen Legas da Fatakwal ce, masu ruwan gishiri. Ruwan Gongola ma yana cin ƙarfe. A hankali yake ci, shi ya sa ba a farga sai ranar da inji ya mutu a tsakiyar ruwa.

Kwanan baya da nake zagayen aiki a bakin ruwa, na sa wani matashi ya ɗaga injinsa. Kusa da farfela akwai wani ɗan ƙarfe mai ruwan toka da makanikai ke kira anod. Nasa ya sha fenti, yana ta ƙyalli. Na ce, "Ƙanena, ka kashe mai gadin injinka." Ƙarfen nan an maƙala shi ne domin ruwa ya cinye shi a madadin jikin inji, fenti kuwa yana raba shi da ruwan. A bar shi tsirara, in ya cinye rabi a sauya. Anod na ƙarfen maganiziyam ya fi dacewa da ruwan kogi. Na tutiya yakan yi ɓawo ya daina aiki.

Da muka kwance farfelar, sai ga zaren raga ya nannaɗe sandar tamau. Zaren nan ne ke yanka robar da ke tare ruwa. Ka zubo man giya kaɗan ka duba, in ya koma kamar madara, ruwa ya shiga, kada ka sake fita da injin. Kan batir kuma, in ka ga farin gari ko kore, ka kankare shi ka shafa giris.

Duk da haka inji na iya cin amanarka, kuma akwai lungunan da waya ba ta samun sabis. A nan rediyon jirgin ruwa, irin oba-oba da ake kira VHF, ke da rana. Ka nemi na hannu mai ƙarfin wat 5 ko 6, mai alamar IPX7, wato yana jure nitsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30. In da hali, ɗauki mai tasowa saman ruwa idan ya faɗi. Tudu yana tare muryarsa, don haka ka miƙe shi sama lokacin magana, kuma ka tambayi hukumar da abin ya shafa batun izini kafin ka saya.

Tasha ta 16 ita ce ta neman agaji a duniya baki ɗaya, amma abin da ya fi damuna shi ne wa zai amsa. Ku haɗa kuɗi a ƙungiyance ku ajiye rediyo ɗaya a kunne wurin Sarkin Ruwa ko wani amintacce a bakin gaɓa. Kowace asuba, bayan ka sa rigar kariya, kira shi ka ji ya amsa kafin ka tura kwalekwale.