Tsuntsun keji da ƙiba: tambayoyi kan abincinsa

Hatsi kaɗai bai isa ba ne?

Bai isa ba. Gyaɗa da ƙwayar sunfulawa suna da mai da yawa, ita sunfulawar kusan rabinta ma mai ne, ga ƙarancin bitamin A da kalsiyam. Tsuntsu kuma ya iya zaɓe: ya tsince masu maiƙon ya bar sauran. A hankali kitse ya lulluɓe hanta, gashi ya dushe, numfashi ya fara wuya, macen kuma ƙwai ya riƙa maƙale mata.

To me za a zuba masa?

Ga aku da danginsa, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari ya zama dunƙulallen abincin tsuntsaye na kamfani, kusan kashi 20 zuwa 30 ganye da kayan lambu kamar karas, kabewa da tattasai. Hatsi da 'ya'yan itace su zama ɗan ragowar. A kwashe ɗanyen abinci bayan 'yan sa'o'i kafin ya lalace. Fiya, cakulan, kofi da giya guba ne, a nisanta su. Haka albasa da abinci mai gishiri.

Ta yaya zan gane ya yi ƙiba, alhali gashi ya rufe jikin?

Ido ba ya nunawa, sai sikeli da yatsa. A auna shi da sikelin giram da safe, bayan ya yi kashi, kafin ya ci, sau ɗaya a mako, a rubuta. Aku mai ruwan toka yakan kai giram 400 zuwa 550. Sannan a shafa ƙashin da ke tsakiyar ƙirji: in ya nutse cikin nama har ba a jinsa sosai, ƙiba ce, in ya fito da kaifi, rama ce. Idan nauyi ya ragu da kashi 10 cikin ɗari, a kai shi wurin likitan dabbobi.

In ya ƙi sabon abincin, a bar shi da yunwa har ya ci?

Sam. Ƙaramin tsuntsu kan iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu ba ci. A gauraya sabon da tsohon, ana rage hatsin kaɗan-kaɗan tsawon makonni, ana duba kashinsa da nauyinsa. A kuma hura kwanon kullum, don sau da yawa abin da ake gani cike ɓawo ne kawai.