Mai Ciwon Suga, Ƙunar Kasko Ba Ta Kwana a Gida

Duk shekara idan hunturu ya sauka a Jos, daga Disamba zuwa Janairu, na san irin ƙafafun masu ciwon suga da za a fara shigo mana da su asibiti. Wari ne ke riga mai ƙafar shigowa. An naɗe ta da tsumma, an ɗaure da leda, 'ya'ya biyu sun tallabo Baba, shi kuma yana ta surutan da ba su da kai. In na tambayi yaushe abin ya fara, amsar ba ta sauyawa: "Ai sati biyu ne, Sista. 'Yar ƙuna ce fa, ba mu zaci za ta kai haka ba."

Sati biyun nan su ne ke hana ni barci.

Akwai wani dattijo mai sayar da kayan gwari a Farin Gada da ba na mantawa da shi. Ya shekara da shekaru da ciwon suga, yana kan allurar insulin. Shi mai sammako ne, kuma duk wanda ya taɓa tsayuwa a kasuwar nan bayan sallar asuba ya san yadda sanyi ke ratsa ƙashi. Ya jawo kaskon garwashi, ya miƙe ƙafa, hira ta yi daɗi. Bai ji komai ba. Sai da dare da ya zo cire safa ya ga tafin ƙafar ya yi bororo. Uwargida ta shafa masa makilin. Da bororon ya fashe, ƙaramin ɗansa ya je kemis ya sayo kafso, aka fasa aka barbaɗa garin a kai. Bayan kwana biyar wani maƙwabci ya kawo toka da man shanu. Da wurin ya fara baƙi, sai wata tsohuwa ta leƙa ta ce wannan ai daji ne, kuma daji ba ya son allura, kada a kuskura a kai shi asibiti. Zazzaɓi ya zo, aka ce maleriya ce, aka sake komawa kemis. Ya daina cin abinci, sai aka ce tunda ba ya ci a ajiye insulin ɗin. Ranar da suka kawo shi bai gane ɗan cikinsa ba. Allah Ya sa da sauran kwana, ya tashi, amma ƙafar daga ƙasan gwiwa ta tafi.

Duk mutanen gidan nan masu ƙaunarsa ne, babu wanda ya so shi da sharri. Amma kowa ya kawo abin shafawa, babu wanda ya kawo kuɗin Keke Napep.

Don Allah jama'a, ku daina jinyar ciwon ƙafar mai suga a gida. Ku daina. Ba makilin, ba toka, ba garin kafso, ba baƙin mai na inji, ba ganye daƙaƙƙe, ba "bari mu ga zuwa gobe". Ni da ke da lafiya in na ƙone, zafi zai sa in janye ƙafa tun kafin fata ta tashi, kuma cikin kwanaki ta kame. Mai suga ba haka yake ba. Sugan ya riga ya kashe masa jijiyoyin ji a ƙafa, jini ba ya isa can ƙasa yadda ya kamata, garkuwar jikinsa kuma ta yi sanyi. Shi ya sa rashin zafin nan da kuke kafa hujja da shi, "ai ba ya masa ciwo", shi ne babban abin tsoron. Ƙusa ta shiga, ba ya ji. Takalmi ya ci shi, ba ya ji. Mai yankan farce na kan hanya ya haɗa da tsoka, ba ya ji. Ga kuma iyayenmu mata da ke kankare kaushi da faso da reza a wannan lokaci na bushewar fata. Mama, ki ajiye rezar nan, ki shafa basilin a diddige.

Ba zan cika ku da karatun likita ba. A bayan tumbi akwai wata 'yar gaɓa da ake kira fankiriyas, ita ke samar da insulin da ke shigar da suga inda jiki zai ƙona shi. Ta mai ciwon suga ko ta gaza, ko jiki ya daina jin maganarta. Idan ƙwayar cuta ta samu shiga ta gyambo, jiki na sakin sinadaran faɗa da ke ƙara tura suga sama, sugan da ya hau kuma yana ƙara wa cutar gindin zama. Haka suke ta ciyar da juna har jiki ya rikice ya shiga lalata gaɓoɓinsa da kansa, ƙoda ta tsaya, hawan jini ya faɗi, ƙwaƙwalwa ta ruɗe. Wannan shi ne abin da muke cewa ciwo ya shiga jini, likitoci kuma su ce sefsis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo ƙiyasin cewa a 2017 kaɗai ya kama mutum kusan miliyan 49, ya kashe miliyan 11, wato kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar a duniya. Ana ware masa ranar 13 ga Satumba kowace shekara, amma je ka Terminus ko Katako ka tambayi mutum goma sunansa ka ji. Idan ya kama, da awa ake lissafi, ana son maganin kashe ƙwayar cuta ya shiga jijiya da ƙarin ruwa tun a sa'o'in farko. Ku kuma kun ba shi sati biyu.

Maganar daji da allura kuwa, wallahi ta ishe ni. Ban san wanda ya fara ta ba, amma na ga ƙafafun da ta ci. Har da masu cewa sammu ya taka, ko jifa aka yi masa. Ban hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi, a tofa masa a cikin mota kan hanyar asibiti. Wasu kuma tsoronsu shi ne da an je sai a yanke. Na fahimci wannan tsoron, babu mai son ya ga mahaifinsa da dungu. To amma ku sani, wanda ya zo a kwana na farko ko na biyu wanke masa ake yi, a ɗaure da bandeji mai tsabta, a daidaita suga, a ba shi magani ya koma gida da ƙafarsa. Wanda ake yanke wa shi ne wanda ya zo nama ya riga ya mutu. Sai ya koma unguwa a ce ga shi nan, asibiti sun yanke, na gaba kuma ya ƙara ɓoye tasa.

Sai batun ajiye insulin don mara lafiya ba ya cin abinci. Kuskure ne babba, domin lokacin zazzaɓi suga hawa yake yi ko da mutum bai sa komai a baki ba. A auna, a kira ma'aikacin lafiya, shi zai ce a rage ko a ƙara. Ƙwayoyin sha ma akwai wanda likita kan dakatar idan jiki ya yi tsanani, amma shi zai faɗa, ba maƙwabci ba. Kuma masu cewa wanda aka ɗora kan allura ya kusa tafiya, ku ji wannan: kafin Frederick Banting da Charles Best su tace insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, yaron da ya kamu da nau'in suga na yara da wuya ya daɗe a duniya. A Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson, ya farfaɗo, ya ƙara shekaru 13 a raye. Ranar haihuwar Banting ɗin, 14 ga Nuwamba, ita ce ranar ciwon suga ta duniya. Abin da aka sha wuya aka samo, shi ake turawa ƙarƙashin gado.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa:

A duba ƙafa kullum da dare, har tafin da tsakanin yatsu. In ido ba ya gani sosai, jika ya duba.
Ba jin ɗumin kasko da ƙafa, ba gasa ta da ruwan zafi. Safa mai kauri ta isa.
Ruwan alwala da na wanka, wani ya taɓa da hannu tukuna. A tsane tsakanin yatsu bayan alwala.
Ba tafiya ba takalmi ko a tsakar gida, a zazzage takalmi kafin a sa.
Bororo, yanka, ja, kumburi ko wari: a wanke da ruwa mai tsabta, a rufe, a tafi asibiti a ranar.

In kuma mai suga yana da ciwo ko wani iri, ƙafa ne, maruru ne, fitsari mai zafi ne ko tari, sai ga zazzaɓi ko rawar ɗari, ko jiki ya yi sanyi ƙalau, numfashi na sauri, fitsari ya ragu, magana ta fara kaucewa ko barci ya yi yawa, to ba a jiran gari ya waye. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) na Lamingo, Plateau Specialist na cikin gari, ga Jankwano, kowanne na da sashen gaggawa. A tafi da duk magungunan da yake sha, har da wanda aka sayo a kemis, kuma a faɗa mana gaskiyar abin da aka shafa. Zan yi faɗa, kun san ni, amma ina yi ina wankewa.

Na san kuɗi ne ke riƙe da yawancinku, na san yadda gari yake. Sai dai ɗan dattijon nan da kansa ya zauna ya lissafa min: abin da suka kashe a kemis da wurin mai ganye cikin sati biyun ya fi ƙarfin wankin ciwo da gwajin suga sau da yawa. Kuɗin tiyata da leda-ledar jini kuwa, sai da aka sayar da babur ɗin gidan. Kwanaki na ga dattijon a Farin Gada kan benci, sandunansa a jingine da buhun kabeji, ɗayar ƙafar cikin safa biyu.