"Ko ruwa na sha ƙiba nake yi": abin da littafin abinci ke tonawa

Babu maganar da nake yawan ji a ɗakin ba da shawara kamar wannan: "Wallahi Malama, ni ba na cin komai. Ko ruwa na sha ƙiba nake yi." Ban taɓa ɗaukar mai faɗin haka a matsayin maƙaryaci ba, domin iyakar abin da ya sani ya faɗa. Sai dai ruwa ba shi da kalori ko ɗaya, saboda haka dole akwai inda ƙibar ke shigowa ba a gani.

Wata baiwar Allah ta zo min, shekarunta sun haura arba'in, gwiwa na damunta, hawan jini ya fara leƙowa. Ta yi min wannan rantsuwar. Na miƙa mata ƙaramin littafi da biro, na ce, "Hajiya, kada ki canza komai, ki ci yadda kika saba. Alfarma ɗaya nake nema: duk abin da ya wuce maƙogwaronki, ki rubuta shi nan take, har da lokacin da kika ci." Ta juya littafin, ta dube ni, ta ce, "'Yata, shi ke nan maganin?" Na ce mu dai fara da shi.

Bayan mako ɗaya ta dawo, tun daga bakin ƙofa take dariya tana rufe baki da gefen mayafi. Gaskiyarta ce, abincinta na safe da na rana da na dare bai taka kara ya karya ba. Ɓarnar tana tsakaninsu. Shayi sau uku a yini, kowane kofi da sukari cokalin shayi uku: cokali tara ke nan, kowanne kalori 16, jimilla 144. Gwangwanin lemo ɗaya da rana, kusan 140. Gyaɗa cikin tafi ɗaya tana kallon talabijin, wajen 170. Sai mai, wanda take tuttulawa daga bakin kwalba. Da muka sa ta auna da cokali, rabon da ke shiga cikinta a yini ya kai babban cokali uku, kalori 360. An haura 800 ke nan, ba a ma lissafa ɗanɗanen bakin tukunya da ragowar abincin yara da take ƙarasawa don kada a zubar ba. Duk waɗannan ba ta taɓa kiran su abinci ba.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. A shekarar 1992 mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine ta wallafa wani bincike da aka yi a birnin New York a kan mutanen da ke cewa suna cin kaɗan amma ƙiba ta ƙi sauka. Da aka auna su da kyau, sai aka tarar abin da suke faɗa ya gaza abin da suke ci da kusan kashi 47 cikin ɗari, motsa jikin da suke faɗa kuma ya zarce wanda suke yi da kusan kashi 51. Ƙwaƙwalwa na riƙe farantin da aka zauna aka ci, ta watsar da abin da aka jefa baki a tsaye. A 2008 kuma wani binciken a Amurka, mai mutum kusan 1,700, ya nuna cewa masu rubuta abincinsu kullum sun rage nauyin da ya ninka na waɗanda ba sa rubutawa.

To mene ne kalorin nan da ake ta faɗa? Ma'aunin kuzari ne, kamar yadda kilo yake ma'aunin nauyi. Kalori ɗaya na abinci shi ne zafin da zai ɗaga ɗumin ruwa kilo ɗaya da digiri ɗaya. A jikin kwalin kaya za ku ga an rubuta kcal, shi ne wannan. Wani lokaci a sa kJ a gefensa, wanda shi ma wani ma'aunin kuzari ne, kalori ɗaya kuwa ya ɗan haura kJ huɗu, saboda haka kada babbar lambar ta firgita ku. Tun ƙarshen ƙarni na 19 wani masanin kimiyya Ba'amurke, Wilbur Atwater, ya fitar da lissafin da har yau ake aiki da shi: giram ɗaya na sitaci ko sukari kalori 4, na furotin (sinadarin gina jiki) 4, na mai ko kitse 9. Wanda ya riƙe lambar nan ta tara ya fahimci dalilin da ya sa babban cokalin mai ɗaya ya fi kabeji giram 400 kalori, alhali cokalin ko jin sa ba za ka yi a ciki ba.

Jiki kuma yana kashe kuzarin nan ko mutum na kwance. Bugun zuciya, numfashi, aikin hanta da ƙwaƙwalwa, riƙe ɗumin jiki, su ke lashe kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na abin da yawancin mutane ke ƙonawa a yini. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, na ba da kiyasin kalori 2,000 ga mace, 2,500 ga namiji. Wannan matsakaici ne kawai. Gajeriyar mace mai aikin zama da dogon saurayi mai ɗaukar kaya, buƙatarsu ba za ta taɓa zuwa ɗaya ba. Abin da ya shiga ya wuce buƙata, jiki ya adana shi kitse. Idan ya gaza, jiki ya waiwayi ajiyarsa.

Yanzu ga yadda ake rubutun. Makon farko na kallo ne, kada a rage ko loma ɗaya, domin wanda ya fara ragewa tun ranar farko ba zai taɓa sanin ainihin cinsa ba. A rubuta nan take, kada a bari sai an zo kwanciya, don kafin dare an manta rabi. Abin sha ma abinci ne matuƙar ba ruwa ba ne. Ranakun hutu da na zuwa taro su ma a rubuta su, don su ne mutane suka fi tsallakewa, kuma a nan aka fi ɓarin. Ina kuma so a ƙara ɗan layi a gefe: a ina na ci, kuma yunwa ce ta sa ni ko wani abu? Wannan layin ya sha fin lambobin amfani. Wani zai ga duk daren da ya kai sha biyu yana danna waya sai ya buɗe firji. Wata za ta ga duk ranar da ranta ya ɓaci sai ta nemi zaƙi. Wani kuma zai gane cewa tsallake karin kumallo da yake yi shi ke sa ya cinye na mutum biyu da dare.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba, amma ya san kima. A nan kam sai an koya masa kimar. Ɗan sikelin kicin, ko kofi da cokalin awo, na mako biyu ko uku ya isa ya gyara idon. Ka zuba shinkafa yadda ka saba, ka ce a ranka giram nawa ce, sannan ka ɗora a sikeli. Yawancin mutane a nan suke riƙe baki. Akwai kuma wani tarko da ke kama kusan kowane sabon shiga: ɗanye da dafaffe. Ɗanyar shinkafa giram 100 tana da kalori wajen 360, dafaffiya giram 100 kuwa wajen 130, saboda ta sha ruwa ta kumbura. Wanda ya auna ɗanya ya shigar da lambar dafaffiya ya ci kusan ninki uku na abin da ya rubuta. Abincin da aka dafa wa gida duka kuwa, a lissafa abin da aka zuba a tukunya, musamman mai, a raba bisa yawan farantai. Ba zai fito daidai wa daida ba, amma ya fi cita nesa ba kusa ba.

A jikin kwali kuma a duba ko lambar ta giram 100 ce ko ta ci ɗaya. Sau da yawa ledar biskit da mutum ke cinyewa a zama guda kamfanin ya lissafa ta ci uku ne.

Manhajojin waya irin su MyFitnessPal na sauƙaƙa tarawa, sai dai da yawa daga bayanan abincin da ke cikinsu masu amfani da su ne suka shigar, kuma akwai kurakurai. Ni dai littafi da biro ba su taɓa ba ni kunya ba. Agogon hannu mai ƙirga kalorin da aka ƙona shi ma a yi hattara da shi: a 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada iri bakwai, wanda ya fi kowanne daidai ya kauce da kusan kashi 27 cikin ɗari, mafi muni da kashi 93. Don haka kada agogo ya ce ka ƙona 500 ka je ka rama su a faranti. Tafiyar sauri ta rabin awa ba ta wuce kalori 150 ko kusa da haka ga mai matsakaicin nauyi, wato gwangwanin lemo ɗaya. Motsa jiki na da nasa alherin ga zuciya da sukarin jini da barci, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke son babba ya samu aƙalla minti 150 a mako. Amma rage ƙiba ya fi rataya a kan abin da ke shiga baki.

Bayan makon kallo sai a zauna da littafin a nemi inda za a zare kalori wajen 500 a yini ba tare da an kwana da yunwa ba. Shawarata a fara da abin sha mai zaƙi da mai, don su ne ke da kalori ba sa ƙosarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini, in an dawo da shi ƙasa da kashi 5, wajen cokalin shayi shida, ya fi. A cika rabin faranti da ganye da kayan lambu, a samu ƙwai ko wake ko kifi, don furotin na riƙe ciki. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne saurin da likitoci suka yarda da shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Za ku ji ana cewa kilo ɗaya na kitse kalori 7,700 ne, don haka mai zare 500 kullum zai yi ta sauke rabin kilo duk mako har abada. Farkon maganar kusan haka ne, ƙarshenta kuwa ba haka jiki yake aiki ba. Jikin da ya ragu buƙatarsa ma raguwa take yi, ga yunwa na ƙaruwa, shi ya sa bayan 'yan watanni sikeli ke tsayawa cik. A nan mutane ke fushi su jefar da littafin, alhali lokacin ne ya kamata a sake auna abinci, domin cokali kan ƙara girma a hankali ba a lura ba. Shi kansa sikelin ba kitse kaɗai yake aunawa ba. Gishiri, al'adar mata, bayan gida da bai fita ba, duk suna iya ɗaga shi da kilo guda tsakanin jiya da yau. Saurin saukar makon farko na rage ci ma yawancinsa ruwa ne, don sukarin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka yana riƙe ruwa kusan ninki uku na nauyinsa. A hau sikeli da safe, bayan an zaga, kafin a ci komai, a kwatanta mako da mako.

Kuma ba sai an koma jikin ƙuruciya ba. Wani babban bincike kan rigakafin ciwon sukari a Amurka, da aka wallafa a 2002, ya ɗora wa mutanen da ke gab da kamuwa burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin ɗari. Ga mai kilo 90, kilo shida da ɗoriya ake magana.

Akwai waɗanda ba na so su taɓa wannan lissafi sai da sanin likita: mai juna biyu, mai shayarwa, yara da matasan da ke kan girma, mai ciwon ƙoda, da mai ciwon sukarin da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyin da ke saukar da sukari, domin rage ci ba tare da an gyara magani ba na iya faɗar da sukarinsa har ya suma. Tsarin da ke ƙasa da kalori 800 a yini aikin asibiti ne, kuma rama ta gaggawa na jawo tsakuwa a maɗaciya. Wanda ya ga nauyinsa ya hau bayan ya fara wani magani, kamar sitiroyid ko wasu magungunan ƙwaƙwalwa, ya koma wa wanda ya rubuta masa, kada ya daina sha da kansa. Sannan idan lissafin ya zama fargaba, mutum na tsoron ci cikin jama'a, yana horar da kansa da yunwa ko yana jawo amai bayan ya ci, to a rufe littafin a nemi ma'aikacin lafiya. Wannan ciwo ne mai zaman kansa, kuma yana kisa.

Hajiyar nan abu uku kawai ta taɓa. Sukarin shayi ya koma cokali ɗaya, lemo ya koma na ranar da ta yi baƙi, ta kuma ɗaura babban cokali da zare a wuyan kwalbar mai don kada ta manta. Gyaɗarta ta ce ba mai raba ta da ita, na ce ta ci abarta, ta dai riƙa zubawa a murfin kofi ta mayar da ledar kicin kafin ta zauna. Da ta yi wata uku ta daina lissafin kullum, sai mako ɗaya a kowane wata, ko duk lokacin da ta ji riga ta fara kama ta.