Nikotin da makarɓansa a ƙwaƙwalwa: binciken mayar da hankali a kan dabbobi

Nikotin sinadari ne da ke cikin ganyen taba. Idan ya shiga jini ya kai ƙwaƙwalwa, yakan kama wasu makarɓai da ke jikin ƙwayoyin jijiya, waɗanda aikinsu na asali shi ne karɓar saƙon asetilkolin, sinadarin da jiki ke samarwa da kansa. Kowane makarɓi haɗin yanki biyar ne da kafa a tsakiya. Da sinadarin ya zauna a kansa sai kafar ta buɗe, jijiyar ta motsa. Iri biyu suka fi yawa a ƙwaƙwalwa: alfa4-beta2 da alfa7, ana kiran kowanne da sunan yankunan da suka haɗa shi.

Tarihi

Jean Nicot, jakadan Faransa a Fotugal, shi ya aika da taba gida wajejen 1560. A 1828 Posselt da Reimann suka tace nikotin daga ganyen a Jamus. Amma mafarin maganar makarɓai aikin John Langley ne na Jami'ar Kambirij, wanda a 1905 ya gwada nikotin da dafin kibiya na kurare a kan tsokar kaza, ya ga ɗaya na tare hanyar ɗaya, ya ce lalle akwai wani abu a tsokar da duka biyun ke kamawa. An jima ana musu kafin a yarda da shi. Henry Dale ya bambanta aikin asetilkolin gida biyu a 1914, ɗaya irin na nikotin.

Sai a 1970 Jean-Pierre Changeux na Cibiyar Pasteur a Faris ya ware makarɓin kansa, da taimakon dafin maciji, daga wani kifi mai lantarki na Kudancin Amurka (ba minjiryar da masunta suka sani a Binuwai da Tafkin Cadi ba). A cibiyar nan ne, a 1995, aka samar da ƙananan ɓerayen da aka cire wa yankin beta2 na makarɓin tun daga gado.

Gwajin rami biyar

Wannan gwaji na auna mayar da hankali ya fito daga Kambirij a farkon shekarun 1980, daga ɗakin binciken Trevor Robbins. Ana sa ɓera a akwati mai ramuka biyar a bango. Fitila kan haska cikin ɗayansu na kusan rabin daƙiƙa ta mutu. In ɓeran ya cusa hanci a ramin da ya haska, sai ƙwayar abinci ta faɗo masa ta baya. Ana ƙirga sau nawa ya dace, sau nawa ya yi sakaci, sau nawa ya yi azarɓaɓi kafin fitila ta kama.

A ƙarshen shekarun 1990 Ian Stolerman da abokan aikinsa a Landan suka nuna cewa nikotin kaɗan na ƙara dacewar ɓeraye, musamman in an tsananta gwajin. Ƙarin ba shi da yawa, kuma in nikotin ya wuce kima sai aikin ya lalace. A 2011 masu bincike a Amstadam suka ga ɓerayen da ba su da beta2 sun fi sakaci. Da aka mayar musu da shi a ɓangaren goshin ƙwaƙwalwa kaɗai, sai suka daidaita. Can kuma aka ga ɓerayen da aka ba nikotin suna tasowa sun girma da raunin natsuwa.

Saɓani

Sakamako kan alfa7 bai zo ɗaya ba, kuma magungunan da aka gina a kansa sun faɗi a manyan gwaje-gwajen mutane.

A arewacin Kamaru da Cadi

A Garwa, Marwa da Njamena ana haɗa garin taba da kanwa a dunƙule a baki. Kanwar na rage tsamin miyau, nikotin ya fi saurin ratsa fatar baki. Masu yi kan ce tana wartsake ido. Ga wanda ya riga ya kamu, kaso mai yawa na wannan wartsakewar maganin kasalar rashinta ne, domin ɓerayen da aka saba wa nikotin ma sakacinsu kan ƙaru idan aka yanke musu.