Waiwaye: Yadda aka fara auna hazon Kano daga sama

Shekaru aru-aru, ma'aunin gurɓatar iska a birnin Kano bai wuce idon mutum da maƙogwaronsa ba. Idan hunturu ya kankama har wanda ke tsaye a kan Dala ya kasa hango Goron Dutse, jiragen sama suka kasa sauka a filin Malam Aminu Kano, yara suka kwana suna tari, sai a ce hazo ne ya sauko, a jira ya wuce. Ba a cika tambayar nawa ne daga cikinsa ya taso daga nesa, nawa ne kuma muka tayar da hannunmu ba.

Taurarin ɗan'adam ne suka buɗe ƙofar wannan tambaya. Bayan Amurka ta harba Terra a 1999 da Aqua a 2002, hotunansu sun nuna ƙura tana tashi daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, iskar arewa maso gabas tana koro ta zuwa ƙasar Hausa. Nijeriya ma ta harba NigeriaSat-1 a 2003, sai dai aikinsa ɗaukar hoton doron ƙasa ne.

Babban ci gaban ya zo a Oktoban 2017, lokacin da hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba Sentinel-5P, wanda kullum yake auna gubar NO2 da ke fita daga injin mota da janareta da masana'antu, kuma bayanansa kyauta ne ga kowa. Wannan guba ba hamada ce ke aiko mana da ita ba, domin a nan muke samar da ita, daga salansar Adaidaita Sahu da suka cika titi bayan hana acaɓa a 2013, da kuma injinan Sharaɗa, Bompai da Challawa. A ganina, nan ne amfanin abin yake, tunda ya raba abin da ya fi ƙarfinmu da wanda hukuma za ta iya magancewa.

Duk da haka, ɗigo ɗaya a taswirar Sentinel-5P ya kai tsawon kilomita 5.5 da faɗin kilomita 3.5, don haka ba ya bambance Fagge da Sabon Gari. Yana kuma wucewa ne da azahar, alhali hayaƙin murhu da na ƙona shara ya fi turnuƙewa da magariba, sannan gajimaren damina yana rufe masa ido. Sai an kafa na'urori a ƙasa, a bakin kasuwanni da tashoshin mota, kafin a san ainihin abin da mai talla ke shaƙa a bakin titi.